Ranar da Shugaba Ya Je Ɗauko Uwarsa

Shekara shida ke nan da Zakhele Mvelase ya sauka daga shugabancin ƙungiyar ma'aikatan gonaki, amma har yau ba mai kiransa da sunan yanka a garin Weenen. Shugaba ne a kasuwa, Shugaba ne a coci. Hatta Turawan da suka taɓa sakar masa karnuka, in sun haɗu da shi a gidan waya, sai su taɓa bakin hula su ce Shugaba, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci. Samarin da suka kayar da shi a zaɓe cewa suka yi ya cika shan shayi da fararen fata. Suka yi masa walima, suka ba shi bargo da agogon bango, suka kwashe ofishin suka koma birni inda akwai fanka.

Shi kuwa bai iya hutu ba. Ƙarfe bakwai na safe ya riga ya kafa teburinsa a barandar coci, da kwat ɗinsa ruwan toka da ta fara sheƙi a gwiwar hannu, da biro uku a aljihu. Mulkin wariya ya faɗi, an yi zaɓe, an sake tuta, amma kwaɗon ƙofar gona bai ji labari ba. Mutanen da aka kora daga gonakin Turawa sun fito da tukwanensu da awakinsu, sun baro matattunsu a bayan waya. Mai son ganin kabarin ubansa sai dai ya tsaya a bakin titi ya hango itacen da ke kusa da shi. Aikin da Zakhele ya ɗora wa kansa ke nan: a buɗe wa baƙar fata ƙofa ya je ya share kabarin nasa, kamar yadda Bature ke kai furanni kan nasa ba tare da ya roƙi kowa ba.

Da safe rubutu. Tsofaffi su zauna a benci, ya tambayi sunan mamaci, da gonar da yake, da itacen da aka binne shi a gindinsa, ya rubuta wa mai gonar wasiƙa cikin ladabin da ya fi ƙarfin mai karɓarta. Da rana ya hau kekensa ya bi sawun wasiƙar. Yakan je ƙofar gaba ya buga, a ce ya zagaya ta baya, ya yi kamar kurma, ya ci gaba da tsayuwa har a gaji a fito. A zage shi, ya tambayi lafiyar shanu. A ce masa ya fita, ya ce zai fita, amma ya ga masarar bana ta yi kyau, wane iri aka shuka? Duk makaminsa a duniya bakinsa ne, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa barin gaisuwar mutum ta faɗi ƙasa ba, baƙi ko fari. Yakan ce wanda ka daina yi wa magana, ka sallama masa ke nan.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan sintiri, tun yana kan kujerar shugabanci, kafin manoman yankin, su goma sha huɗu, su yarda a rubuta takarda: kowace Asabar ta farkon wata za a buɗe ƙofa, dangi su shiga su gai da nasu. Iyalai arba'in da uku ke jira. Za a sa hannu a gonar shugaban manoman, Gert Lotter.

Tsakanin Zakhele da Gert kuwa ba sanin shanu ba ne. A gonar Lotter aka haifi Zakhele. Uwarsa MaZwane, wadda Turawan gidan suka mayar Betty don harshensu ya huta, ta yi shekara arba'in a kicin ɗinsu. Uwar Gert ba ta da lafiya, saboda haka tun yana ɗan wata uku a bayan MaZwane ya girma, ɗanta na cikinta yana rarrafe a ƙasa yana kallo. Gert ya sha nono da tuwon masara a kwano ɗaya da su, ya iya Zulu fiye da 'yan birni, ya san kirarin kowane dangi, ya san abin da ake yi da wanda ba a yi. Da Zakhele ya fara tara ma'aikata, uban Gert ya kore shi da bulala. Yana tsare a kurkuku uwar ta rasu, aka binne ta can ƙasan gonar kusa da rafi, ba ɗanta a wurin.

Kuma tun daga ranar ba a je an ɗauko ta ba. Wanda ya mutu a wajen gida, jikinsa na iya kwanciya ko'ina, amma kurwarsa sai an je an taho da ita, in ba haka ba tana nan inda ta faɗi tana gararamba, ba ta san hanyar gida ba, ba ta zauna cikin kakanni ba. Ɗanta namiji ne zai yanko reshen magaryar kura, ya je kan kabari ya kira ta da sunanta, ya ce ta shiga reshen. Daga nan har ƙofar gida shi ne jagoranta. Zai riƙa faɗa mata duk inda aka kai: ga rafi za mu tsallaka, ga mota za mu shiga. Ba ya ajiye reshen, ba ya miƙa wa wani, ba ya waiwaya. Babba a ciki duka, ba ya yi wa mai rai magana ko kalma ɗaya. In ya yi, ta ɗauka an iso, ta sauka nan take, kuma inda ta sauka nan ne sabon mazauninta.

Ranar Alhamis yayarsa Sizani ta zo barandar coci da sandarta, ta ture wani tsoho ta zauna a gaban tebur. Ta haura saba'in, ƙafafunta sun kumbura, kuma shekara biyu ke nan uwarsu na zuwar mata a mafarki tana tsaye a bakin waya da ɗaurin kayanta a ka.

"An ce jibi za a buɗe ƙofar."

"Jibi, Sisi, in Allah ya kai mu. Kuma jibin zan ɗauko Mama. Na sa an yanko reshen."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Jibin? Ranar taron naku?"

"Ranar ta fi dacewa. Mutane su ga ƙofar ta buɗu da gaske, su ga uwar Shugaba ce ta fara fita ta cikinta."

"Kai, Zakhele! Taura biyu ba ta taunuwa. Ka yi taronka ka gama, wata mai zuwa mu je mu biyu, shiru, ba ganga ba mai hoto."

"Ai na tsara komai. Da sassafe zan ɗauko ta, mu bi hanyar rafi, in kai ta gida. Sa hannu sai azahar. Ni na riga na sa nawa tun jiya."

"Kai da ko kaza ta yi maka kuka sai ka amsa mata, kai ne za ka yi tafiyar awa biyu bakinka a rufe?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ita ba ta yi ba. Ta sunkuyo ta rage murya.

"Ka gaya wa Gert?"

"Dole in gaya masa, gonarsa ce."

"Me ya ce?"

"Ya ce, to."

"To kawai?" Ta miƙe da ƙyar. "Ni na wanke wa yaron nan kashi, na san shi. Ranar da aka yaye shi daga bayan Mama, sai da ya cije ni don na zauna a cinyarta. Ka yi abin da ka ga dama, ai kai ne Shugaba. Amma ni ba zan ga wani sanyin hunturun ba, kuma ba na son in je can in tarar ba ta nan."

Zakhele ya ji maganar, ta kuma taɓa shi, amma bai sake shawara ba. Gaskiyar magana, mutumin kirki ne, sai dai yana son a gani. Shekara shida ba a tafa masa ba, kuma tafi yana da daɗi ko a kunnen tsoho.

Asabar da hantsi suka isa kabarin. Bas biyu suka tsaya a bakin titi, jama'a suka biyo shi a ƙafa ta babbar ƙofa tun gidan na shiru, da fartanya da tsintsiya, wai su raka uwar Shugaba, da azahar kuma kowa ya wuce gonar da nasa yake. Kabarin ba komai ba ne sai tarin duwatsu da ciyawa ta ci. Abin da ya ba Zakhele mamaki, wani ya nome gefensa, ya kuma aje gwangwani da busassun furanni. Bai tsaya tunanin wane ne ba. Ya cire hula ya durƙusa, ƙayar reshen tana cizon tafin hannunsa.

"MaZwane, Mama, ni ne Zakhele. Na yi latti, na sani. Ga Sizani nan. Mun zo mu tafi da ke gida. Ki taso ki shiga nan, kada ki ji tsoro, ba mai korar mu yau."

Ya ja reshen a kan duwatsun sau uku, ya miƙe. Sai ya ji reshen ya yi nauyi a hannunsa. Ya juya ya kama hanya, jama'a na biye a hankali, Sizani a gefensa don ta amsa wa duk wanda ya tare su.

"Mama, ga gangara, ki bi a hankali. Ga itacen ɓauren nan da kike shanya wanki. Yanzu za mu fita ta ƙofar rafi."

Ƙofar rafi kuwa an ɗaure ta da sarƙa da sabon kwaɗo. Wani ma'aikacin gonar yana tsaye a wajen yana murza hularsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce wa Sizani maigida ya sa an zuba bijimai a wannan shingen tun asuba, ba a bi ta nan, sai dai a hau ta tsakar gida a fita ta babbar ƙofa.

Sizani ta dubi ƙanenta. Ba shi da bakin da zai ce komai, kuma ba a komawa da baya da mamaci. Ya juya ya nufi tudu.

"Mama, an sake mana hanya. Za mu wuce ta gidan, amma wucewa kawai za mu yi. Kada ki kula kowa."

Tun daga nesa suka jiyo ƙamshin gashin nama. Taron da aka ce sai azahar ga shi ya cika tun ƙarfe goma. Motocin a-kori-kura goma sha huɗu sun yi layi a ƙarƙashin itatuwa, manoma da gajerun wandunansu da jajayen gwiwoyinsu suna tsaye da kofuna, har da wani ɗan jarida da kyamara a wuya. Ba a baranda aka kafa teburin sa hannun ba. An kafa shi a bayan gida, daidai ƙofar kicin, a kan 'yar hanyar da dole a bi kafin a kai babbar ƙofa. Gert Lotter na tsaye a tsakiyar hanyar, ƙato, furfura ta cinye gemunsa, ya buɗe hannuwa kamar mai tarbar baƙon da ya daɗe yana jira.

"Mvelase! Abokin goyona!" Da Zulu ya yi maganar, tatacciya. "Ka kwana lafiya? Ya gida, ya ƙafa?"

Zakhele ya tsaya. Gaisuwar ta faɗi ƙasa a gaban mutum sittin, karo na farko a rayuwarsa. Ya sunkuyar da kai kan reshen. "Mama, mun ɗan tsaya ne. Ba mu iso ba."

Sizani ta shiga gaba. "Nkosana," ta kira shi da sunan da suke kiran ɗan maigida tun yana yaro, "ka ga abin da ke hannunsa. Matsa mu wuce. Zai kai ta ya dawo kafin azahar, ku yi ta surutunku har dare."

"Sisi Sizani, ke ce kika tsufa haka? Ai ba zan riƙe ku ba. Kalma ɗaya ce." Ya juya harshe zuwa Afirkanci, yaren Turawan gonakin, don manoman su ji. "Oom Swart na da tambaya kafin ya sa hannu."

Tsoho Swart, wanda suke kira Oom, wato kawu, ya fito, mutum ne da ya fi kowa gona ya kuma fi kowa tsoro. Ya ce shi an gaya masa dabara ce. Yau a ce kabari, gobe a zo da lauya a ce tunda kakanninmu na kwance a nan, ƙasar tamu ce. Takarda takarda ce, lauya na iya murɗa ta. Shi dai ya san abu ɗaya game da wannan mutumin, in ya faɗi magana da bakinsa ba ya tashinta. To ya faɗa yanzu, a gaban mutanensa da ɗan jarida, cewa ba mai neman ƙasa da kabari. In ya faɗa, a sa hannu.

Zakhele ya gyaɗa kai da ƙarfi, sau biyu.

"Akuya ma tana gyaɗa kai," in ji Swart. "Da baki na ce."

Sizani ta tattaro ɗan Afirkancin da ta koya a wanke-wanke ta shiga bayani: yana ɗauke da uwarsa, ba ya magana sai ya kai gida. Wani matashin manomi ya leƙa hannun Zakhele ya ce shi dai ƙaya yake gani. Aka yi dariya. Wani ya ce ga shi yana yi wa itace raɗa, su ne dai ba su kai matsayin itace ba.

"Nkosana, gaya musu!" in ji Sizani. "Kai ka sani. A gabanka aka ɗauko Baba daga mahaƙar kwal, kai ka riƙa kore mana yara daga hanya. Gaya musu gaskiya ce."

Gert ya ɗaga kafaɗa. Ya amsa mata da Zulun da ko kakarta ba za ta gyara masa ba. "Ni? Ai ni Bature ne, Sisi. Ina na san al'adunku?"

A nan Zakhele ya gane. Bijiman da aka zuba tun asuba, taron da aka jawo gaba, teburin da aka kafa a nan, har tsoron da aka hura wa Swart a kunne, duk hannu ɗaya ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ba Baturen da zai iya ɗana wannan tarko sai wanda aka goya a bayan MaZwane. Ya ji wata irin ƙiyayya da bai taɓa ji ba ko a kurkuku, kuma ba damar ya furta ta.

"Shekara goma sha ɗaya yana cika mana kunne," in ji Swart, yana mayar da biro aljihu. "Yau da ake neman kalma ɗaya ya zama bebe. Ruwa ba ya tsami banza. Ni na tafi, kuma kada in sake ganin kekensa a ƙofata."

Ya nufi motarsa. Mutum uku suka aje kofuna suka bi shi. Zakhele ya san su sarai, ya san in suka tayar da motocin nan ba azahar, ba wata mai zuwa, ba baɗi. Da ƙyar aka jawo su, kuma dama hujja suke nema.

Ba a waiwaya, amma ba ya buƙatar waiwaye don ya san wanda ke bayansa. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, da hannunsa ya rubuta sunayen matattunsu. Sai ga MaDladla ta zagayo ta tsaya inda zai gan ta. 'Yarta ta rasu tana shekara huɗu a gonar Swart, aka kore su sati biyu bayan binnewa, yau shekara goma sha tara ba ta ga kabarin ba. Ta sa rigar coci, ta riƙo 'yar fartanya. Ba ta roƙe shi ba. Ta dubi bayan Swart yana tafiya, ta dubi bakin Zakhele, leɓenta na motsi ba sauti.

"Zakhele," in ji Sizani a hankali, ta kama hannun kwat ɗinsa. "Taku hamsin ne zuwa ƙofar. Sau ɗaya a rayuwarka ka zama ɗan uwarka. Ta ba su shekara arba'in, ta ba su bayanta. Kai ma kada ka ba su ita."

Ƙofar motar Swart ta buɗu.

Zakhele ya kawo reshen kusa da bakinsa. Jini na bin yatsunsa inda ƙaya ta shige. "Mama," ya ce, "ki yafe mini." Sannan ya ɗaga kai, ya buɗe muryar nan da ta saba cika filin taro.

"Oom Swart! Ka dawo. Ba mai neman ƙasarka da kabari. Ni Mvelase na faɗa."

Sizani ta saki hannun kwat ɗin. Wata tsohuwa a baya ta ɗora hannu a ka ta rusa kuka. Manoman kuwa suka yi tafi, Swart ya dawo yana cewa to, ai abin da ake nema ke nan, me ya yi wuya? Aka shiga sa hannu ɗaya bayan ɗaya, ɗan jarida na ta ƙyasta hoto. Zakhele na tsaye da reshen, ya ji shi sakayau kamar kowane ƙirare.

Zuciyarsa ta fara neman mafita. Ta sauka a nan, to, a nan za a zo a ɗauke ta. A kawo akuya, a ba ta haƙuri, a yanko sabon reshe. Yana cikin wannan lissafi Gert ya ɗaga takardar ya ce bari ya karanta sharaɗin ƙarshe da ƙarfi, don kowa ya ji kada a yi rigima daga baya. Masu ziyara za su bi hanyar da ta nufi kaburbura kawai. Ba mai shiga harabar gidan manomi, ba yanka, ba wata al'ada a cikinta, ko da wane dalili. Duk wanda ya karya wannan, an rufe ƙofofin gonakin goma sha huɗu gaba ɗaya.

"Sharaɗi mai kyau," in ji Gert, ya naɗe takardar. "Kai ka rubuta shi, Shugaba, don hankalin matanmu ya kwanta. Ban sake ko wasali ba."

Ya matso kusa har Zakhele na jin warin hayaƙin gashi a rigarsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda su uku kawai za su ji, kuma babu dariya a fuskarsa yanzu.

"Kun karɓi ƙasar, kun karɓi tuta, gobe za ku karɓi gonar, na sani. Ita ban ba ku ba. Kana yawon taronka har ka ƙare a kurkuku, ni na kai ta asibiti. A hannuna ta cika. Ni nake nome kabarin nan shekara goma sha biyar, sai yau ka zo da 'yan kallo ka ce gida? Nan ne gidanta."

Ya juya ya fuskanci ƙofar kicin, tsohuwar ƙofa mai raga wadda dokinta ya lotsa a tsakiya saboda taku. Ya cire hularsa. Da a ce ba'a yake yi da abin ya zo da sauƙi, amma idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Ma Betty, sannu da dawowa. Shigo, rana ta yi zafi."

Ya tura ƙofar, ya riƙe ta a buɗe na ɗan lokaci kamar mai jiran tsohuwa ta hau matakala, sannan ya sake ta ta rufe.

Da la'asar aka taru a bakin titi za a koma. Ƙofofi sun buɗu kamar yadda aka yi alkawari, mutane sun dawo da jar ƙasa a gwiwa da kumburarrun idanu, suna ta labari. Wasu sun zo sun kama hannun Zakhele da hannu biyu. Wasu sun kauce masa, don ba su san ko godiya za su yi ba ko ta'aziyya. Shi dai yana amsa wa kowa, tunda yanzu ba abin da zai hana shi. A can gida an ɗaure akuya, an dafa giyar dawa, dangi na zaune a ƙofa suna jiran su yi wa MaZwane guɗa, ba wanda ya kai musu labari tukuna.

Direban bas ɗin ya bar kujerar gaba tsakanin Zakhele da Sizani ba kowa, don mamaci ma fasinja ne, ba a matse shi. Mota ta cika, saura mutum ɗaya a ƙasa. MaDladla ce ta iso a makare daga gonar Swart, da ƙasar kabarin 'yarta ƙulle a bakin zane, fuskarta na haske. Direban ya leƙo ta taga, ya dubi Sizani yana sosa ƙeya.

"Mama, wannan kujerar fa? In ce ta jira wata motar?"

Sizani ba ta dubi ƙanenta ba. Tun tsakar gidan Lotter ba ta dube shi ba, ba ta ce masa uffan ba. Ta miƙa hannu ta zare reshen daga cinyarsa, ta jefar ta taga cikin kwata.

"Ba ta ta zauna," ta ce. "Ba kowa a kai."